Tanki A Cike, Inji Na Ƙishi

Jama'a, in dai maganar mota ce, duk majami'ar nan babu mai ja da ni. Babu irin motar da hannuna bai taɓa ba, ta fasinja, ta kaya, har motar asibiti. To, kafin wani ya miƙe ya tona ni, gara in faɗa da bakina: ta baya nake taɓa su. Turi nake yi. Sitiyari kam sai dai in leƙa shi ta taga. Amma mai turi ma yana ganin abin da direba ba ya gani. Saboda haka ku gyara zama.

Akwai wani mutum manomi, yana da lambu a bakin fadama, yana kuma da wata tsohuwar akori-kura wadda ta girmi ɗansa na fari. Ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta. In tana tafe, ƙararta ke riga ta isa gari. Amma duk da tsufanta ba ta taɓa kwana a hanya ba, gama mutumin ya san halinta kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa.

Mutumin nan yana da maƙwabci, katangarsu ɗaya a gida, iyakarsu ɗaya a lambu. Maƙwabcin yana da injin ban ruwa amma ba shi da mota, sai wani babur. Shi kuwa yana da mota, ba shi da inji. Sai suka zama kamar hannun dama da na hagu: wannan ya shayar da lambun wancan, wancan ya kai kayan wannan kasuwa. Haka suka yi shekaru, ba wanda ya ji kansu.

Ana nan, wata safiya mutumin ya fito ya tarar da murfin tanki a karkace, ƙasa tana warin fetur. An sa tiyo an zuƙe masa mai. Yana tsaye yana huci, sai ya jiyo injin maƙwabcinsa can daga fadama yana tu-tu-tu, yana aiki da ƙarfi kamar wanda ya ƙoshi. Bai ga kowa ba, bai kuma tambayi kowa ba. Zuciyarsa ce ta kama ɓarawo, ta yi shari'a, ta yanke hukunci, duk kafin a gama dama kunu.

Lokacin kuwa tumatir ya nuna. Wahalar rani gaba ɗaya tana cikin kwandunan nan. Kasuwar da ake kai shi tana da nisa, manyan motocin Kudu kuma suna lodi ne da safe, in rana ta take sai su ɗaure tamfol su wuce. Wanda ya makara ya zauna da kayansa. Tumatir kuwa ba doya ba ce, ba ya jiran kasuwar gaba.

Ana gobe kasuwa, da yamma, maƙwabcin ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, gobe yaushe zan fito da kwandunana bakin hanya?"

Mutumin ya ce, "Mota ta cika."

Maƙwabcin ya dubi bayan motar, wayam, ko tsinke babu. Ya ce, "Ai ba a yi lodi ba tukuna."

Ya ce, "Ta cika dai."

Maƙwabcin ya ce to, Allah ya kai mu, ya koma gida.

Mutumin ya je ya cika tanki har wuya. Da ya zo rufewa sai ya lura da wani ɗan rami a jikin murfin, bai fi idon allura ba. Shekara da shekaru ramin yana nan, bai taɓa kula ba. Ya kai hanci, ya ji ƙamshin fetur yana fita a hankali. Ya ce a ransa, ashe ɓarayin biyu ne, har da iska. Ya samo ƙaro ya liƙe ramin. Ya ninka leda ya rufa a kai. Ya yanko roba daga tsohon tib, ya naɗe bakin tankin, ya ja, ya sake naɗewa, ya ja, har manyan yatsunsa suka yi ja. Ko ƙamshin mansa ba zai ƙara ba iska kyauta ba.

Matarsa tana tankaɗe tana kallonsa. Ta ce, "Baban Gidiyon, wannan ɗauri haka, kura ka kama a ciki?"

Ya ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki."

Da gari ya waye suka yi lodi, kwando kan kwando, matar ta shiga gaba, aka ɗaure mata ƙofa, suka kama hanya. Suna fita gari suka wuce maƙwabcin, ya ɗaura kwando biyu a bayan babur yana ta tangaɗi da su. Haka zai yi ta jigila, ya kai ya dawo. Mutumin ya danna totur, ya bar masa ƙura.

Ba su yi wata tafiya mai nisa ba, sai mota ta yi tari. Ta yi shaƙuwa, ta yi gaba kamar za ta daure, sai ta mutu.

Mutumin bai damu ba. Ya sauka yana fito, ya ɗaga murfin inji. Akwai wata 'yar kwalbar fetur da yake ajiyewa a ƙarƙashin kujera domin tashin safe. Ya ɗiga kaɗan a maƙogwaron kafireta, wato wurin da mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Ya murɗa makulli, mota ta tashi, ta lashe ɗigon nan, ta sake mutuwa. Ya ce, "Yawwa. Wuta lafiya lau take, mai ne ba ya zuwa." Nan kam ya yi gaskiya.

Ya kwance kafireta ya tarar da cikinta a bushe ƙamas. Ya zaro 'yan ƙananan hanyoyinta, ya hura, ya soka zaren waya, ya ɗaga su sama ya hango rana ta ciki. Ya daɗe yana yi. Da ya mayar, ya murɗa, ya murɗa, sai ga mota ta tashi. Ya shigo yana goge hannu a wando, ya ce, "Datti ne. Wani da sai ya kira makanike."

Suka wuce wani rafi, suka wuce wata rugar Fulani, mota ta sake yin tari ta tsaya.

Wannan karon bai yi fito ba. Ya ce matatar mai ce ta toshe. Ya kwanta a ƙasa, ya zare tiyon da ya taho daga tanki. Yana zarewa sai aka ji wani abu can baya yana ƙulu-ƙulu-ƙulu, kamar an nutsar da tulu a rijiya.

Matar ta ce, "Baban Gidiyon, wani abu yana kuka a baya."

Ya ce, "Cikinki ne. Na ce ki karya kafin mu fito."

Ashe tankin ne ya sami ƙofa ya saci numfashi ta tiyon, shi bai sani ba. Ya cire matatar ya yi jifa da ita cikin ciyawa, ya haɗa tiyo da tiyo da kwanson biro. Mota ta tashi ras. Ya ce, "Ba na faɗa ba? Matatar mai ce."

Matar ta ce, "Ɗazu ka ce datti ne."

Ya ce, "Dattin ne ya koma can."

Suna cikin haka maƙwabcin ya zo ya wuce su da kwandunansa, ya rage gudu ya ce sannunku, ko lafiya. Mutumin ya ce iska suke sha.

Tafiya ta uku ba ta kai ta biyu ba. Ya taɓa famfon mai ya ji zafi, ya ce shi ne ya gaji. Ya karɓi ruwan shan matarsa ya jiƙa tsumma ya naɗa masa kamar mai zazzaɓi, ya ƙwanƙwasa shi da sifana. Suka zauna jira. Mota ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta mutu. Haka dai suka yi ta yi, kowace tafiya ta fi ta baya gajarta, kowane zama ya fi na baya tsawo. Abubuwan zargi na cikin inji suka ƙare, sai ya koma kan mutane. Ya ce mai sayar da fetur ya haɗa masa da kananzir. Ya ce wanda ya sayar masa da famfo bara Allah zai tambaye shi. Daga ƙarshe ya ce ai ya gane, wanda ya buɗe tankin rannan ba sata kaɗai ya yi ba, ya zuba wani abu a ciki.

Matar ta ce, "To ka buɗe ka duba mana."

Ya ce, "Da hannuna na cika, da hannuna na ɗaure. Duk motar nan in akwai wurin da ba shi da laifi, to, nan ne."

Mutuwar ƙarshe ta yi ta ne tana fara hawan wani tudu, fili fetal, babu ko bishiya. Batir ma ya fara kasala, in ya murɗa makulli sai ya ji nishi kawai. Rana ta ɗago sosai. Mutumin ya zagaya baya, sai ya ga ruwa ja yana ɗiga daga ƙofar bodi, ɗis, ɗis, ƙudaje sun fara taruwa. Ya sa yatsa a kwandon sama, yatsan ya nutse. Ya tsaya yana kallon wahalarsa tana tsiyaya a kan kwalta: tashin asuba, sauron fadama, ciwon baya, duk ga su nan. Ya zauna a bakin hanya ya haɗa kai da gwiwa. Tanki a cike, ga hanya a buɗe, ba tafiya.

Can sai ga wani yana gangarowa daga tudu yana tura babur, kwanduna wofi a baya. Maƙwabcin ne. Ya kai na farko ya dawo ɗaukar saura, jigila ta shanye masa mai. Ya iso yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Ya gaishe su, ya dubi ruwan da ke ɗiga. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ko za ka taimake ni da ɗan mai, ko rabin kwalba ne, in ƙarasa gida?"

Mutumin ya yi kamar bai ji ba.

Matar ta ce, "Man da ya ƙi yi mana amfani tun safe, ai gara ya yi wa wani."

To, kada ku ce zuciyarsa ce ta yi laushi. A'a. Wani tunani ne ya zo masa. Ya ce a ransa, in shi ya ɓata man nan, bari ya sha abin da ya dama. Zan kuma ga yadda yake zuƙo mai da tiyo, gama gwanin abu ba ya ɓoyuwa. Sai ya miƙe ya ce, "Don wannan? Ai ba komai."

Ya nemi bakin robar ya rasa, sai da ya sa wuƙa. Ya yaye ledar. Ya kama murfin, murfin ya ƙi, kamar wani yana riƙe da shi daga ciki. Ya sa ƙarfi ya murɗa. Sai tankin ya ja iska, fuuuuu, doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda aka tsamo daga ruwa. Cikinsa da ya lotsa ya buɗe, gwam! Har matar ta ja da baya tana kiran sunan Yesu.

Aka miƙa wa maƙwabcin tiyo. Ya sa a baki ya zuƙa, ya kasa. Ya sake zuƙa da ƙarfi, fetur ya cika masa baki har hanci, ya yi ta tari, idanunsa suka yi jawur, hawaye na zuba. Sai da mutumin ya karɓa ya yi masa da kansa. Aka ɗura a babur, maƙwabcin ya taka sau ɗaya, babur ya tashi yana kuka garau. Man nan ba abin da ya same shi.

Mutumin ya dubi babur, ya dubi robar da ke ƙasa, ya dubi murfin da ke hannunsa da ƙaronsa a liƙe.

Matar ta ce, "Ni dai an ce in ji da tukunyata. Amma gwangwanin madara ma, in ba a huda shi wuri biyu ba, ba ya zuba."

Mutumin ya karyo ƙaya ya soke ƙaron nan ya fitar, ya mayar da murfin haka nan. Batir ya riga ya kwanta, saboda haka sai turi. Maƙwabcin ya jingine babur, shi da matar suka sa kafaɗa, suka juya ta ta fuskanci gangare, suka tura. Ta yi tari ɗaya ta tashi. Ya juyo da ita, ta haye tudun nan da kayanta kamar ba ita ba, ba ta ƙara ko shaƙuwa ba.

Maƙwabcin ya fasa komawa gida. Ya ce akwai babbar mota ɗaya a kasuwa da ba ta cika ba, shi take jira ya kawo saura, bari ya yi gaba ya riƙe ta. Ya bi su ya wuce.

Da suka isa, kasuwa ta watse, motar nan kaɗai ta rage, direban yana ta zage-zage. Aka sauke, aka zaɓa. Abin da ya tsira aka ɗora a gurbin maƙwabcin. Wanda ya yi laushi, mata masu yanka su shanya suka kwashe a yadda suka ga dama. Na ƙasa kuwa da ya zama miya tun a hanya, aka juye shi bayan kasuwa, awaki suka yi biki. Wajen rabin wahalarsa ke nan. Na maƙwabcin da ya rage a lambu, shi ma ya kwana a can.

Da za su koma, suka ɗora babur a bayan mota, maƙwabcin ya zauna kusa da shi. Haka suka iso gari. Da ya sauka, mutumin ya leƙo ta taga, yana kallon wani wuri dabam, ya ce, "Kasuwa mai zuwa ka fito da kwandunanka da wuri. Ba na son jira."

Maƙwabcin ya ce, "To, ɗan'uwa."

Ko shi ya zuƙi man rannan, ko ba shi ba, misalin bai faɗa ba. Ni ma ba zan ƙara masa gishiri ba.

Ma'anar wannan misali kuwa ita ce: tankin nan zuciyar mutum ce. Man da ke ciki shi ne alherin da Ubangiji ya zuba mana, ƙarfi, da abinci, da sani, da bangaskiya. Bai yi mana rowa ba, har wuya ya cika mu. Ɗan ramin nan kamar idon allura, shi ne ƙofar da muke bari a buɗe domin ɗan'uwa: gaisuwa, aro, yafewa, cin tuwo tare. Ta nan ne wani abu kaɗan yake fita, gaskiya ne. Wani lokaci ma a cuce ka. Amma wanda ya ƙera murfin ba wawa ba ne, da gangan ya bar ramin. In ba abin da ke shiga ta nan, ba abin da zai fita ta can.

Ƙaro da leda da roba, su ne zargi da riƙo da rowa. An taɓa cutarka sau ɗaya, sai ka ce daga yau na yi wayo. Ka liƙe, ka naɗe, ka ja. Ranar da ka yi, har daɗi za ka ji, ka ce yanzu na tsira. Ba za ka ga illar a ƙofar gida ba, sai ka yi nisa da kaya a kanka.

Sa'an nan sai ka ga addu'a ta yi tari ta mutu. Waƙar da take sa ka rawa a da, yanzu baki kawai ke motsi. Gida ba daɗi, aiki ba albarka. Sai ka ɗaga murfi ka fara neman mai laifi. Ka ce matarka ce. Ka ce wa'azin Fasto ne ba gishiri. Ka ce dattawa ne, ka ce mawaƙa ne, ka ce maƙiya sun yi maka asiri. Wani har majami'a yake canjawa, kamar yadda mutumin nan ya jefar da matatar da ba ta yi masa komai ba. Zai kuwa ji sauƙi na ɗan lokaci, ya ce ai na gano. A gaba kaɗan ya sake tsayawa. Ko'ina zai taɓa, banda wuri ɗaya, wurin da ya ɗaure da hannunsa, domin nan ne yake ganin ya fi kowa gaskiya.

Ku kuma lura, mutumin nan ba da zuciya ɗaya ya buɗe ba, da mugunta ma ya buɗe. Duk da haka iska ta shiga. Saboda haka kada ka ce sai ranar da na ji ina ƙaunarsa zan gaishe shi. Fara kwance robar tukuna, Ubangiji ya san yadda zai yi da saura. Amma ka yi da wuri. Jinƙai ya tsirar wa mutumin nan da rabi, rabin kuwa da ya tsiyaye a hanya bai dawo ba. Akwai 'yan'uwa a nan da suka yi shekaru ba sa magana saboda iyakar gona ko kazar da ta ɓata, suna zama benci ɗaya suna cin jibin Ubangiji. Rana tana yi, kaya suna laushi.

Da na ba da misalin nan a ajin manya, na ga jikin kowa ya yi sanyi, sai na ce bari in ƙara musu da misali mai rai. Na ce, "Ku dube ni. Ni kam ƙofata ba ta da roba. Tun da nake, ba wanda ya taɓa zuwa aro gidana ya koma hannu wofi."

Sai Mama Keziya ta Zumuntar Mata ta ɗaga sandarta daga benci na baya. Ta ce, "Malam, ina da tambaya."

Na ce, "Bismillah, Mama."

Ta ce, "Ran Talata na zo aron famfon feshi, tsutsa tana cin wakena. Ka ce ya lalace, sai an kai shi birni."

Na ce, "Haka ne, Mama, ya lalace."

Ta ce, "To, ran Laraba da safe, wane ne na gani a gonarka goye da shi, yana feshi yana waƙar yabo?"

Na ce, "Jama'a, lokaci ya tafi. Mu rufe ido mu yi addu'a."

Kowa ya rufe. Da na ɗan buɗe ɗaya in duba, nata biyu suna kaina.